Filin 'Yanmata: Kwali Kika Saya Ko Abin da Ke Ciki?

 Yau ba zancen samari za mu yi ba, amma ya yi kama da shi, domin zancen yaudarar ido ne.

Ƙanwata, sau nawa aka aike ki kanti sayen sukari, kika ƙarar da kuɗin tararki a kan wani biskit don kawai ledarsa ta burge ki? To ba banza ba, sai da aka yi nazarinki. Manyan kamfanonin abinci suna biyan masana maƙudan kuɗi su leƙa ƙwaƙwalwar mai saye. Sai a kifa wa mutum wata hula mai wayoyi da ke auna motsin ƙwaƙwalwa, ko a tura shi cikin na'urar da ke nuna ɓangaren da jini ya fi kwarara, sannan a riƙa nuna masa kwalaye kala-kala. Baki zai iya cewa "ni ƙyale-ƙyale bai dame ni ba", amma na'ura ta tona asiri.

A shekarar 2004 wani masani, Read Montague, ya gwada mutum 67 a birnin Houston na Amurka. Da aka ba su Coke da Pepsi babu suna, sai zaɓinsu ya rabu kusan daidai. Amma da aka zuba Coke a kofi biyu, ɗaya da suna ɗaya babu, sai suka fi son mai sunan, aka kuma ga ɓangaren tuna baya na ƙwaƙwalwarsu ya motsa. Lemo ɗaya ne fa! Suna suka sha.

Kin san ƙarfin kwali? A 2009 kamfanin Tropicana ya cire hoton lemon zaƙi mai tsinken zuƙa daga kwalinsa. Cikin wata biyu ciniki ya faɗi da kashi 20 cikin 100, ba shiri suka dawo da tsohon kwali. Alhali ko ɗigo ba a canza ba a abin shan.

To ina mafita? Gaban kwali na mai talla ne, bayansa ne naki. Ki juya shi. Ki duba jerin kayan haɗi, abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. In kin ga sukari a sahun gaba, hoton 'ya'yan itacen nan ado ne kawai. Ki duba ranar lalacewa, ki duba lambar NAFDAC. Ki koya wa ƙannenki ma, don yara sun fi saurin ruɗuwa da ɗan zanen da ke yi musu murmushi.

Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Wannan karatu ki riƙe shi har ranar da mai shadda da turare zai yi sallama a ƙofar gidanku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.