Kafin ka cire injin fetur ka sa na gas a jif ɗinka, zauna ka yi lissafi

Jama'a, wata shawara ta fara yawo a majalisun Gaya da Ajingi, musamman tsakanin ma'aikata da manoman da ke da ƙananan motoci masu fowil irin su Suzuki Vitara da RAV4: wai a sauke injin fetur, a je Ƙofar Ruwa a sayo na dizal, wanda muke kira gas, a ɗora, shi ke nan an huta da tsadar mai. Ni dai ra'ayina, ga yawancinmu wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Na san abin da ya kawo maganar. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoba 2024 ta wuce 1,000. Mafi ƙarancin albashi a Kano kuwa naira 71,000 ne. Sannan mai zuwa Kademi ko Toranke ko Balare da damina ya san ƙaramar mota ba ta iya yashi da taɓo, dole sai mai fowil, ita kuma shan mai gare ta. To neman mafita ba laifi ba ne.

Amma mu fara da abin da wasu ba su gane ba. Injin fetur ba ya komawa na gas. Na fetur fulogi ne ke kunna masa wuta, na gas kuwa matse iska yake yi har ta yi zafin da man zai kama da kansa, kuma matsin ya kusa ninka na fetur. Don haka injin gaba ɗaya za a sauya. Daga nan aiki ya fara: sai an yi masa mazauni, a haɗa shi da giyabos ɗin da ba nasa ba, a canza kuloci, a wanke tanki, a sake layin mai, a nemo lagireto da batir mafi girma, a sake waya. Injin gas ya fi nauyi, gaban motar zai zauna, sifirin da birki su ɗauki kayan da ba a yi su dominsa ba. Kuma juyawarsa ba ta kai ta na fetur ba, sai ka hau titin Wudil motar na ta kuka amma gudun bai kai na da ba.

Yanzu lissafi. Gaskiya ne gas ya fi auki. A ƙaddara motarka na shan lita 10 na fetur a kilomita 100, na gas zai sha kamar 7. A ƙaddara fetur naira 1,000, gas 1,200. Ka kashe 8,400 maimakon 10,000, rarar 1,600 ke nan. In aikin duka ya ci miliyan 2, sai ka yi tafiyar kilomita 125,000 kafin kuɗinka su dawo. Ma'aikacin da ke yin kilomita 1,000 a wata zai shekara goma yana jira. Wane injin Beljiyam ne zai shekara goma a hanyoyinmu ba a buɗe shi ba? Kowa ya sa farashin gidan man garinsu ya gwada da kansa.

Kada kuma mu manta, gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin gas tun zamanin Obasanjo, babu mai tare maka shi. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke, ya tashi daga wajen 300 zuwa 800 cikin watanni, masu gidajen burodi da injin niƙa suka ji a jikinsu. Matatar Ɗangote ta sauko da shi a 2024, amma dala da kasuwar duniya ne dai ke juya shi.

Sai gyara. Bakaniken fetur ko'ina akwai shi. Amma in famfon injekta ko nozul suka lalace, Kano za ka nufa. Fetur kuma ko a ƙauye ka samu wajen 'yan bumburutu, gas mai kyau fa? Galan ɗaya da aka gauraya da kananzir ko ruwa ya isa ya kashe maka famfo. Ga takardu: lambar injin na cikin takardun mota, in ba ka je an gyara ba, kai da 'yan VIO ne a hanya. Ranar da ka tashi sayarwa kuwa, dillali zai ce maka motar haɗe-haɗe ce, ya karya mata kuɗi.

Wanda gas zai yi wa rana shi ne mai lodi kullum, kamar masu kai hatsi Dawanau ko dabbobi kasuwar Wudil ranar Juma'a. Shi ma gara ya sayar da tasa ya sayi wadda kamfani ya ƙera da injin gas tun asali.

Mu sauran, abin da ya kamata mu matsa a kai shi ne iskar gas ta CNG. Ita ba a cire injin, tukunya da 'yan na'urori ake ƙarawa, kuma motar na iya komawa fetur in iskar ta ƙare. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tun 2023, to amma mutumin Ajingi ba zai ƙona mai zuwa birni don ya cika tukunya ya dawo ba. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya su nemo mana tashar iskar da wurin haɗawa mai lasisi a kan hanyar Wudil zuwa Gaya zuwa Dutse. Don Allah kuma kar wani ya bari a ɗaura masa tukunyar girki a mota, wannan wasa da rai ne.

Kafin nan, a gyara fulogi, a canza matatar iska, a duba iskar taya, a cire fowil in an hau kwalta ga motar da ake iya cirewa. Kuɗin adashe ko na amfanin gona da wahala aka tara su.

Allah ya kawo mana sauƙi.