RA'AYINMU: Mai Tafiya A Ƙasa Ma Yana Da Rabo A Gadojin Ikko

Duk wanda ya taɓa sauka a Iddo ya ɗora kayansa a kai ya nufi Idumota, ya san gadar Carter da tafin ƙafarsa. Tun 1901 aka fara gina gada a wannan mashigi, aka sa mata sunan Gwamna Gilbert Carter. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ta nan kakanninmu fatake da 'yan ci-rani suka riƙa tsallakawa zuwa tsibirin Ikko. Wadda ake takawa yanzu kuwa an sake gina ta ne a shekarun 1970. A 2025 Ministan Ayyuka, David Umahi, ya bayyana cewa ginshiƙanta na cikin ruwa sun lalace, sai dai a gina sabuwa. To, tun da wuri muke so mu faɗi tamu, domin tun ran gini ran zane.

Bari mu bi hanyar da ƙafa, yadda dubban mutanenmu ke binta kullum. Idan ka hau gadar daga Iddo, kana hangen gadar Eko a hannun dama, wadda aka gama a 1975, ga kwale-kwalen masunta a ƙarƙashinka. Ka gangara Idumota, ka bi titin Nnamdi Azikiwe ka wuce Babban Masallacin Ikko, ka ɓulla dandalin Tinubu, sai ga ka a Marina, bakin ruwa, kana kallon manyan jiragen ruwa a Apapa. Daga nan sai dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka ɗaga tutar Nijeriya a 1960, sai Obalende, unguwar da sojojin Hausawa suka zauna tun zamanin Turawa. Ka miƙe titin Awolowo har gadar Falomo, ka tsallaka mashigin Five Cowries, ka shiga Victoria Island. Mai ƙarfi idan ya tashi da hantsi, zai kai kafin azahar.

Hanya ce mai daɗin kallo, mai tarihi, amma fa wanda ya bi ta ya san wuyarta. Gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa a gadar Carter, sau da yawa 'yan tireda sun baza kaya a kai, danfo kuma ta tsaya tana lodi, sai ɗan dako da kaya niƙi-niƙi ya sauka tsakiyar motoci. A Marina, babban titi da wuraren ajiye motoci sun shiga tsakanin mutum da ruwan, ka yi tafiya mai nisa ba inuwa, ba wurin zama, ba wurin kama ruwa. Da duhu ya yi kuwa, inda babu fitila nan zauna-gari-banza ke tare mutum su raba shi da cinikin yini.

Abin tambaya shi ne, don wa ake gina gada? Gadar Third Mainland, wadda Janar Ibrahim Babangida ya buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, amma ta mota ce kawai. Gadar Lekki zuwa Ikoyi ta 2013 kuwa an yi mata hanyar ƙafa mai kyau, safe da yamma masu hali na motsa jiki a kanta. Wannan ya nuna injiniyoyi sun iya, idan an ce su yi. Abin da aka yi wa mai neman rage ƙiba, ai mai neman abinci ya fi cancanta a yi masa.

A tuna kuma, a watan Yuni na 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, ciki har da tsibirin Ikko da Eti-Osa. Wanda aka hana wa babur, kuɗin mota kuma ya fi ƙarfinsa, me ya rage masa in ba ƙafa ba? Mai ruwa, mai shayi, mai gyaran takalmi da maigadi, da su da matan Yarbawa masu talla, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta sa faffaɗar hanyar ƙafa a gefe biyu na sabuwar gadar, da shingen ƙarfe tsakaninta da motoci, da fitilu, da gangara maimakon matakala kaɗai, don masu baro da guragu da tsofaffi. Kada kuma a rufe tsohuwar ba tare da an tanadi inda mai ƙafa zai bi ba. Gwamnatin Jiha ita ma ta buɗe bakin ruwan Marina ga jama'a, ta dasa itatuwa, ta gina bayan gida.

Mu ma akwai namu. Kowa ya ga gobarar da ta tashi a shagunan ƙarƙashin gada a Apongbon a watan Maris na 2022, wadda ta sa aka rufe wannan sashe na gadar Eko fiye da shekara guda, kowa ya sha wahala. Hura wuta a gindin gada, da kwana a can, da baza kaya a hanyar mutane, da zuba shara a ruwa, duk abubuwa ne da ke ba hukuma hujjar korar kowa da kowa, mai laifi da maras laifi. Ya kamata sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa su ja kunnen yaranmu, su kuma rubuta wa hukuma wannan buƙata a takarda tun yanzu. Wanda bai yi magana ana zane ba, ba ya da bakin kuka bayan an gama gini.

Allah Ya tsallakar da mu lafiya, amin.