Kafin a Ɗaura Ruwan Kemo, a Fara Binciken Tsiron

Sharhinmu na yau ya shafi ciwon dajin huhu idan ya riga ya yi nisa, da tambayar da ya kamata iyalan mara lafiya su yi wa likita kafin a fara magani.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Lyon na ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kusan mutum miliyan 2 da rabi ne suka kamu da wannan ciwo, mutum miliyan 1 da dubu 800 kuma suka rasu. Babu ciwon dajin da ya kai shi kisa, domin yawanci ba ya bayyana sai ya bazu. A ƙasashenmu akwai ƙarin matsala. Tari mai daɗewa, rama, ciwon ƙirji da jini a cikin kaki, duk alamu ne da aka saba gani ga mai tarin tibi. Sai mutum ya shafe watanni yana shan maganin tibi ba sauƙi, kafin a gane ashe tsiro ne a huhu. A lokacin jiki ya yi rauni, kuɗi sun ƙare, kowa na gaggawar a yi wani abu. To, a cikin wannan gaggawa ake tsallake mataki mafi muhimmanci.

Shekaru da dama, kusan duk mai dajin huhu da ya bazu hanya ɗaya ake bi da shi, wato kemo, maganin da ake ɗaurawa ta jijiya duk bayan mako 3. Kemo yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Ƙwayoyin daji na cikinsu, amma haka ma na ɓargo, da na tushen gashi, da na baki da hanji. Manomi zai fahimci wannan: akwai maganin feshi da ke ƙone duk koren da ya taɓa, akwai kuma wanda ke zaɓen ciyawa ya bar shuka. Kemo ya fi kama da na farkon. Shi ya sa ake ganin amai, zubewar gashi, gyambon baki, ƙarancin jini da gajiya. Kowane maganin kemo kuma da inda ya fi taɓawa. Cisplatin yana wahalar da ƙoda, yana iya rage ji. Carboplatin yana rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Paclitaxel yakan sa yatsun hannu da na ƙafa su yi ta mutuwa.

A shekarar 2004 masu bincike a birnin Boston na Amurka suka gano dalilin da ya sa wasu marasa lafiya ƙalilan ke samun sauƙi na ban mamaki da wata ƙwayar magani mai suna gefitinib, alhali saura ba sa samun komai. Tsiron waɗanda suka amfana yana ɗauke da sauyi a wata ƙwayar gado da ake kira EGFR. Wannan sauyi shi ke ingiza tsiron ya yi ta girma, maganin kuma shi yake toshewa. Irin wannan shi likitoci ke nufi da alamomin tsiro, kuma ana gano su ne idan aka ɗebo ɗan tsoka daga tsiron aka kai ɗakin gwaje-gwaje, wani lokacin ma daga jini.

Gwajin da ya fi fito da darasin fili shi ne wanda Farfesa Tony Mok na Hong Kong ya jagoranta, aka wallafa sakamakonsa a 2009. An raba marasa lafiya sama da 1,200 a gabashin Asiya gida biyu, wasu aka ba su gefitinib, wasu kemo. Masu wannan sauyi na EGFR sun fi daɗewa ciwon bai ci gaba ba idan suka sha ƙwayar. Waɗanda ba su da shi kuwa, kemo ya fi yi musu amfani. Ke nan babu maganin da ya fi wani a kan kowa. Abin da ke cikin tsiron ne ke nuna hanya.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2007 Hiroyuki Mano da abokan aikinsa a Japan suka gano wata alamar mai suna ALK, wadda ta fi yawa ga masu ƙarancin shekaru da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, aka kuma amince da maganinta na farko a Amurka a 2011. Sai alamar PD-L1, wadda ke taimaka wa likita ya san wanda zai fi amfana da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi tsiron da kanta. Binciken da ya haifar da waɗannan magunguna ne ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami lambar Nobel a 2018. Su ma sabbin magungunan suna da tasu illar, kamar ƙuraje da gudawa, ko kumburin huhu da hanji. Amma ga mai alamar EGFR ko ALK, bambancin ba kaɗan ba ne: maimakon kwanciya ana ɗaura ruwa, sai ya sha ƙwaya a gida.

Masu sauraro, kada a ɗauka muna cewa a guji kemo. Mutane da yawa tsironsu ba shi da alamar da ake da maganinta, kemo ne zai rage musu tari da ƙuncin numfashi, ya ƙara musu kwanaki da yardar Allah. Abin da muke cewa shi ne, wahalarsa ba abin da za a danne a zuci ba ce. Akwai magungunan hana amai masu ƙarfi da ake bayarwa tun kafin a ɗaura ruwan. Mai karɓar maganin kemo mai suna pemetrexed ana haɗa masa da folik asid da allurar bitamin B12 don rage illa. Fararen ƙwayoyin jini sukan faɗi ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo, saboda haka idan zafin jiki ya kai digiri 38 a wannan lokaci, ba zancen a sayo maganin maleriya a kemis ba ne, asibiti za a garzaya ko da tsakar dare ne. Al'adarmu ta dauriya abar yabo ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mara lafiyan da ya ce wa likita "da sauƙi" alhali yatsunsa sun daina ji, ya hana a rage masa magani a kan lokaci. Haka kuma a sanar da likita duk wani jiƙo ko gari da ake sha, domin wasu na ƙara wa ƙoda da hanta nauyi.

Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna da wani nau'in jini na gado da ke sa adadin wasu fararen ƙwayoyin jininsu ya zama ƙasa da na Turawa, ba tare da wata cuta ba. Idan aka auna su da ma'aunin da aka tsara a kan wasu al'ummomi, ana iya jinkirta musu magani ba gaira ba dalili. Wannan kaɗai ya isa hujjar cewa dole a yi bincike a kan jikinmu, a asibitocin koyarwarmu na Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai.

Kulawar rage raɗaɗi ma ba alamar an fid da rai ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2010 a Boston ya nuna cewa masu dajin huhu da aka haɗa musu wannan kulawa tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, sun ma fi daɗewa da kusan wata 3.

Saboda haka kiranmu ga hukumomin lafiya shi ne su sa gwajin alamomin tsiro da magungunansu cikin inshorar lafiya, su kuma wadata manyan asibitoci da kayan aiki, don kada a riƙa tura samfur ƙasar waje ana jira ciwo na ci gaba. Ga likitocin da ke kula da masu tarin tibi, wanda bai samu sauƙi ba a sake duba shi da wuri. Ku kuma iyalai, kafin ku sayar da gona ko kadara ku biya kuɗin magani, ku tambayi likita abu 3: wane irin dajin huhu ne, an gwada alamominsa, kuma wace illa ce idan mun gani za mu dawo nan take? Wannan haƙƙin mara lafiya ne, kuma likitan kirki zai yi maraba da tambayar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.