A Bar Sunan Allah Yadda Ya Ke

Kwanan baya mun tafi duba wata makaranta a cikin birnin Katsina, muka tarar da malami yana koya wa yara fassara daga Turanci zuwa Hausa. Labarin da ya ba su na mutanen Masar ne na zamanin Fir'auna, waɗanda su ke bauta wa abubuwa iri iri. Da muka karɓi littattafan yaran muka duba, sai muka ga da yawa daga cikinsu sun rubuta wai mutanen Masar suna da "alloli" masu yawa. Kafin mu ce uffan, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Turawa suna da tasu kalma, Yarabawa suna da tasu. Mu Hausawa ina tamu? Ai Allah Larabci ne." Malamin saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Ya amsa masa da cewa Hausar kalmar ita ce Ubangiji, kuma ko'ina aka ga Allah ana iya sa Ubangiji a madadinsa.

Da aka tashi shan iska muka zauna da malaman makarantar, gardama ta kaure, har aka kaɗa ƙararrawa ba a daidaita ba. Shi ya sa muka ga ya kyautu mu kawo maganar nan fili, domin ta shafi kowane malamin makaranta da kowane akawu da ya ke juya takarda daga wani harshe zuwa wani. Abin da malami ya faɗa yau gaban allo, shi yara arba'in za su riƙe har su yi furfura. Ra'ayinmu kuwa shi ne, a bar sunan Allah yadda ya ke, a fassara siffofinSa a bayyana su sarai, sa'an nan kada a hana kowa kiran sunan.

Bari mu fara da hujjar masu son fassara, don ba ta banza ba ce. Suna cewa yaro ya fi gane abu da harshen da ya sha a nono. Suna cewa Musulmin Farisa suna cewa Khuda, na bakin tekun gabashin Afirka masu Suwahili suna cewa Mungu, Yarabawa suna cewa Olorun, kuma ba wanda ya ce Musuluncinsu ya ragu saboda haka. Duk wannan gaskiya ne. Amma waɗannan al'ummai suna da wata kalma tasu ta tun fil'azal wadda su ke nufin Mahalicci da ita, suka ci gaba da faɗinta a zance tare da sunan Allah, in kuwa suka tsaya salla sai su koma ga Larabci kamar kowa. Mu kuwa, kalmar da kakanninmu suka bar mana don kiran Mahalicci ita ce Allah. Wanda ya ce a canja ta, sai ya gaya mana da wace kalma.

To, ga Ubangiji, in ji malamin nan. Mu dubi kalmar da kyau. Asalinta uban gida ne, watau mai abu, wanda abu ya ke ƙarƙashin mulkinsa. A zamanin bauta ana cewa ubangijin bawa. Kalmar tana da jam'i, iyayengiji, tana kuma da tamata, uwargijiya. Daidai ta ke da Rabbu a Larabci, wadda Larabawa su ke iya jingina ta ga mutum su ce mai gida ko mai dukiya. Haka Sarki: muna cewa Allah Sarki, amma akwai sarakuna, akwai sarauniya, akwai sarkin pawa da sarkin aska. Mahalicci kuwa aiki guda ta faɗa daga cikin ayyukanSa. Kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan siffa ce mai kyau, amma ba wadda ta tara dukan ma'ana. Sunan Allah a Larabci ba shi da jam'i, ba shi da tamata, ba a kuwa kiran kowa da shi sai Shi kaɗai. Malaman nahawu sun yi saɓani a kan ko an ciro shi ne daga wata kalma ko haka nan ya ke tun asali, amma sun haɗu a kan cewa suna ne na Zati, sauran sunaye kyawawa kuwa bin sa su ke yi suna siffanta Shi.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a garin nan. Tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Korau, wanda a ke cewa shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko, a ke karantar da addini a gindin hasumiyar Gobarau. Shaihu Magili ya biyo ta nan wajen ƙarshen wannan ƙarni. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Hanyar da malamai suka gada ta karantarwa kuwa kowa ya san ta: a karanta Larabci kalma kalma, a ba da Hausarta. Ku je wurin tafsiri cikin watan azumi ku kasa kunne. Mai jan baƙi zai ja aya, malam ya fassara. In an zo kan Rabbu ya ce Ubangiji, in an zo kan Rahamanu ya ce Mai rahama, Rahimu ya ce Mai jin ƙai, Haliƙu ya ce Mahalicci. In kuwa aka zo kan Allah, sai ya ce Allah. Kalmar ilahu, wadda ta ke cikin kalmar shahada, ita ce malamai su ke fassarawa da abin bautawa, domin ita tana da jam'i, ana faɗinta ga na gaskiya da na ƙarya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u sun yi ta wa'azi da waƙoƙi cikin harsunan jama'a don kowa ya gane, suka bar sunan yadda ya ke. Haka Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi a cikin tarjamarsa ta ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, wadda aka buga a 1979.

Shi kuwa yaron da ya ce Allah Larabci ne, amsarsa ita ce: i, daga Larabci ta zo, amma ta zama Hausa tun ɗaruruwan shekaru. Littafin da ya ke hannunsa, da alƙalamin da ya ke rubutu da shi, da allon da ya ke kallo, duk sunayensu daga Larabci suka zo. Haka alƙali, da duniya, da lahira, da ranakun mako tun daga Lahadi har Asabar. In za a kori kowace kalma don asalinta baƙuwa ce, da Bahaushe ya rasa yadda zai faɗi ranar cin kasuwar garinsu. Ku lura da bakin mutanenmu daga safe zuwa dare. Mai roƙo ya ce don Allah, mai tausayi ya ce Allah Sarki, mai alkawari ya ce in Allah Ya yarda, wanda aka cuta ya ce Allah Ya isa, mai ta'aziyya ya ce Allah Ya jiƙansa. Mutumin kirki bawan Allah ne, mace baiwar Allah. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba ta san wanda a ke nufi. Me za a fassara mata? Kada garin neman gira a rasa ido.

An taɓa gwada irin wannan gyara a wata ƙasa, kuma da ƙarfin hukuma. A ƙasar Turkiyya, a shekarar 1932, gwamnatin Mustafa Kamal ta sa a riƙa kiran salla da Turkanci, aka cire sunan Allah aka sa tsohuwar kalmarsu Tanri. A 1941 aka yi doka ta hukunta wanda ya yi kiran salla da Larabci. Shekara 18 ana haka. Da aka yi zaɓe a 1950 sabuwar gwamnati ta hau, ɗaya daga cikin abubuwan da ta fara yi shi ne janye hanin, nan da nan ladanai suka koma ga Larabci, har yau kuwa a kansa su ke. Ga darasi ga duk mai zaton ana iya canja wa jama'a irin wannan suna da takarda daga ofis.

Amma fa akwai wani kuskure a ɗaya gefen, wanda ya kamata mu guje masa kamar yadda mu ke gudun na farko. Shi ne a ce tun da sunan na Musulmi ne, kada wani ya kira shi. A ƙasar Maleshiya, a 1986, hukuma ta hana littattafan Kirista yin amfani da kalmar Allah. Wata jaridar Katolika mai suna Herald ta kai ƙara, babbar kotu ta ba ta gaskiya a ƙarshen 2009, sai rikici ya tashi a farkon 2010 har aka kai wa majami'u hari. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Sai a 2021, a cikin wata shari'a dabam, babbar kotu ta ce umarnin 1986 ya saɓa wa doka, gwamnati kuma ta janye ɗaukaka ƙararta a 2023. Shekara da shekaru ana shari'a a kan kalma guda.

Mu nan ba mu da bukatar wannan, kuma hujja ba ta goyi bayansa ba. Larabawa sun san sunan tun kafin aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shaida kuwa sunan mahaifinsa Abdullahi. Alƙur'ani ya ba da labari a cikin Suratu Luƙman cewa ko masu bautar gumaka na Makka, in an tambaye su wanda ya halicci sammai da ƙasa, sunan nan su ke ambata. Kiristocin Larabawa na Masar da Sham da shi su ke addu'a. A nan ƙasar Hausa, Littafi Mai Tsarki da aka buga cikakke da Hausa a 1932, wanda Likita Miller na Zariya ya yi aiki mai yawa a kansa, da Allah da Ubangiji ya yi amfani. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta littafi a kansu a 1946, ya tarar suna yi wa iskoki yanka, amma sun yarda Allah ne bisa kome. Abin da kowane ɓangare ya gaskata game da Allah ya bambanta, ba ma ɓoye wannan. Amma Bahaushe ko wane iri ne, in ya ɗaga hannu sama, kalma guda ya ke da ita. A kotu da kasuwa da makaranta wannan alheri ne babba, don in aka ce a ji tsoron Allah kowa ya san abin da a ke nufi.

Saura magana guda, ita ce ta juyawa zuwa Turanci. Waɗansu suna cewa in aka rubuta Allah a cikin takardar Turanci, Bature zai zaci wani abin bauta ne dabam na Musulmi kaɗai. Wannan damuwa tana da tushe, har masana sun rabu a kanta. Marmaduke Pickthall, Baturen Ingila da ya musulunta, ya bar sunan Allah a cikin fassararsa ta 1930. Abdullahi Yusuf Ali, mutumin Indiya, ya sa God a cikin tasa wadda ta fara fitowa a 1934. Dukansu Musulmi ne masu kyakkyawan nufi. Mu dai a ganinmu, aikin mai fassara amana ce: in Musulmi ya rubuta Allah a takardarsa, a bar masa abin da ya faɗa, in ana tsoron mai karatu ba zai gane ba a ƙara masa bayani da layi guda.

Saboda haka ga shawararmu ga malaman makaranta da malaman ofis. Na farko, ko'ina kuka ga Allah ku bar shi Allah, ku rubuta shi cikakke da babban baƙi, ku ajiye Ubangiji don fassara Rabbu. Na biyu, in kuna juyawa daga Turanci ku dubi baƙin farko na kalmar God. In babba ne, Allah a ke nufi. In ƙarami ne, ko kuwa jam'i, ku rubuta abin bauta, ko abubuwan bauta, ko gumaka, ko iskoki, gwargwadon abin da labarin ya nuna. Kada ku koya wa yara "alloli", domin yi wa sunan jam'i rushe ma'anarsa ne. Na uku, ku ba siffofin lokaci. Yaron da ya hardace sunaye 99 bai san Hausar ko goma daga cikinsu ba, an bar shi a rabin hanya. A nan ne masu son fassara su ke da gaskiya, a nan kuwa ya kamata su sa ƙarfinsu.

Malamin nan da muka faɗa, ba mu ga laifinsa ba. An yi masa tambaya ba zato, ya ba da amsar da ta zo masa, kuma ya fi wanda zai daka wa yaro tsawa ya ce ya zauna. Muka roƙe shi ya koma ajin washegari ya rubuta kalmomi uku a allo, Allah da Ubangiji da abin bauta, ya sa yaran su nemo jam'in kowace da kansu. Biyu za su samu, ɗaya kuwa za su rasa, daga nan sun gane darasin. Muna roƙon kowane malami da ya karanta wannan ya gwada haka a nasa aji, ya rubuto mana abin da yaransa suka ce.

Allah Ya sa mu gane gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta, amin.