Gandu Ya Watse, Me Ya Maye Gurbinsa?

Shekaru sittin da suka wuce, gandu shi ne ginshiƙin noma a karkarar Kano. Maigida da 'ya'yansa, har da masu aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure, sannan ya yanka wa kowa gayauna ya noma don ƙananan buƙatunsa.

Wannan tsari bai watse dare ɗaya ba. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi, saurayi ya ga zai iya dogara da kansa. Farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, daidai lokacin da kuɗin man fetur ke jan matasa zuwa birni. Ɗan da ya saba samun na kansa a ci-rani ba ya komawa ya jira rabon maigida.

Sai rabon gado ya ƙarasa aikin. Gonar da kaka ya ciyar da gida guda da ita, yau jikoki sun yanka ta gunduwa-gunduwa, ba mai samun abin da zai kai shi baɗi. Ko a Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ya kawo noman shinkafa da tumatir, noman ya koma na mai jari. Taki da iri da maganin feshi da 'yan ƙwadago duk kuɗi ne. Wanda ba shi da su sai ya ba da gonarsa haya ko jingina, daga nan ya sayar wa attajirin birni, ya dawo yana ƙwadago a gonar kakansa.

Ba wanda zai iya dawo da gandu yadda yake a da, amma hikimarsa ba ta tsufa ba. Shari'a ba ta hana magada su san rabon kowa, su bar gona a haɗe, su raba amfani bayan girbi ba. Ya kamata malamai da dagatai su riƙa faɗakar da jama'a wannan a wurin rabon gado, gwamnati kuma ta kai rance da taki ga irin waɗannan gidaje kafin damina ta faɗi. Idan aka ci gaba da yanka gonaki ana sayarwa, 'ya'yan manoma za su tashi ba su da inda za su kafa garma.