NAZARI: Maganin cututtukan fata da haske, wa ke iya samunsa?

Tun a 1903 likitan ƙasar Denmark, Niels Finsen, ya karɓi kyautar Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske. A yau likitoci na amfani da wani nau'in haske da ake kira UVB wajen magance cututtukan fata masu naci, ciki har da wadda ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari, wadda jama'a kan ɗauka kuturta ce, alhali ba ta yaɗuwa. Hasken na rage farmakin da garkuwar jiki ke kai wa fata, ya kuma taimaka launi ya dawo.

Sai dai maganin na buƙatar zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, na tsawon watanni, kuma na'urar ba ta aiki sai da lantarki. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat, lamarin da asibitocin koyarwa suka koka a kai.

Wanda hanya da kuɗi suka gagara, kantin magani yake nufa ya sayi mai da babu likitan da ya rubuta masa, wanda yawan shafa shi ke sirantar da fata. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Ya kamata 'yan majalisa su tambayi hukumar ko wannan magani na cikin abin da inshorar ke biya.