Man gyaɗa da man waje: me ya hana dokokin kare masana'antu isa kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji?

Duk shekara idan kaka ta yi, buhunan gyaɗa kan cika kasuwannin da ke bakin babbar hanya mai lamba 1, tun daga Gidan Rumji da Tsibiri har Cadawa, Agye da Gazawa. A cikin gidaje kuma mata ne ke soya ta, su kai inji a markaɗa, su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli da tunkuzar da ta rage. Sai dai idan mace ta kai kwalabenta kasuwa, takan tarar da manyan jarkoki jere a gaban kanti, cike da man da ya fito daga waje, wanda yawancin lokaci ya fi nata araha. Jama'a na kiransa man gyaɗa, alhali galibinsa tataccen man kwakwar manja ne.

Ba yau wannan gasa ta fara ba. A shekarun 1960 gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar ke saidawa waje, kuma a 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikinta. Farin 1973 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gonaki a 1975 sun karya nomanta. Masana'antar mai ta Maraɗi, wadda ta fara da sunan SICONIGER a shekarun 1940, daga baya ta koma Olga Oil, ta tsayar da aiki a ƙarshen shekarun 2010, a daidai lokacin da man waje ya mamaye kantuna. Shi ya sa tambaya ɗaya ke yawan dawowa: ashe babu dokar da za ta kare mai sana'ar gida? Akwai, amma kowace da sharuɗɗanta.

Hanyoyi uku da doka ta buɗe

Nijar ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, OMC, a watan Disamban 1996. Dokokin ƙungiyar sun yarda ƙasa ta ƙara haraji a kan kayan waje, bayan kuɗin duwan da aka saba, a yanayi uku.

Na farko shi ne karyar da farashi: kamfanin waje ya saida kayansa a nan ƙasa da yadda yake saidawa a ƙasarsa, ko ƙasa da abin da ya kashe wajen yinsu. Sai an yi bincike an tabbatar da bambancin farashin, da cutarwar da masu sana'ar gida suka yi, da kuma cewa wannan ne ya jawo wancan. Idan bambancin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, a rufe maganar. Binciken kan ɗauki shekara guda, kada ya wuce wata 18, harajin kuma yakan faɗi bayan shekara 5 idan ba a sake dubawa ba.

Na biyu shi ne tallafi: wata gwamnati ta zuba kuɗi ko rangwame ga kamfanoninta, har kayansu su zo da arahar da ba guminsu ya samar ba. A nan ana aza harajin da bai wuce girman tallafin ba.

Na uku matakin kariya ne na wucin gadi. Ba a zargin kowa da maguɗi, kayan ne kawai suka kwararo da yawa cikin ɗan lokaci har suka yi wa masu sana'ar gida mummunar illa. Matakin na hawa kan kayan ko daga ina suka fito, na tsawon shekara 4, kuma ƙasa mai tasowa na iya tsawaita shi har shekara 10, tana sassautawa sannu a hankali.

Araha ba laifi ba ce

Matsalar farko ita ce ba kowane kaya mai araha ne aka karyar wa farashi ba. Indunusiya da Maleshiya ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya, kuma hekta guda ta kwakwa na ba da tan 3 zuwa 4 na mai a shekara. Hekta guda ta gyaɗa a ƙasar tudu ta jihar Maraɗi, da ruwan sama kaɗai, da wuya ta cika tan guda har da ɓawo. Ko babu maguɗi, man kwakwa zai fi sauƙin kuɗi.

Tabbatar da maguɗin ma aiki ne ja. Tarayyar Turai, da duk lauyoyinta, ta aza harajin karyar da farashi a 2013 kan man dizal da Indunusiya ke yi da manja, amma a 2018 alƙalan OMC suka ce lissafinta bai bi ƙa'ida ba. Sai a 2019 ta dawo ta ƙofar tallafi, da harajin kashi 8 zuwa 18 cikin 100. Akwai kuma ramuwa. Afirka ta Kudu ta aza irin wannan haraji kan kajin Amurka tun 2000, amma a 2015, da Amurka ta yi barazanar janye mata rangwamen tsarin AGOA, dole ta bar tan 65,000 na shiga kowace shekara ba tare da shi ba.

Wa zai kai ƙara?

Matsala ta biyu ta fi shafar gundumomin nan uku. Doka ta ce ba a buɗe binciken karyar da farashi ko na tallafi sai masu samar da aƙalla kashi 25 cikin 100 na kayan a cikin gida sun goyi bayan ƙarar, da alƙaluma a hannu: nawa aka samar, nawa aka saida, nawa aka yi asara, mutum nawa suka bar aikin. An tsara wannan ne da manyan masana'antu a rai. A Gangara, Cadakori ko Gidan Sori kuwa, masana'antar ita ce turmi, tukunya da injin markaɗe, a warwatse cikin dubban gidaje, ba littafin lissafi. Macen da ta daina matsar mai saboda ba riba, ba wanda ke rubuta sunanta.

Sannan ba Yamai kaɗai ke da magana ba. Nijar ta fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma tana nan cikin UEMOA, wadda ke da dokarta ta yaƙi da karyar da farashi tun 2003, a hannun hukumarta da ke Wagadugu. Kuɗin duwan na bai ɗaya da aka fara aiki da shi a Janairun 2015 yana da matakai 5: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Man da aka yi a Kodibuwa, da yake ɗan gida ne a UEMOA, ba ya biyan wannan kuɗi. Harajin kashi 0.5 cikin 100 da ƙawancen AES ya fito da shi a watan Maris na 2025 kuwa, na tara kuɗin tafiyar da ƙawancen ne, bai kai ya kare kowace sana'a ba.

Harajin da ba ya ganin jarka

Matsala ta uku ita ce iyaka. Duk waɗannan matakai a ofishin duwan ake karɓarsu. Jarkar da ta biyo hanyar daji a kan babur daga ɓangaren Katsina ba ta san da su ba. Ƙara haraji a ƙofa ba tare da toshe ɓarauniyar hanya ba, ƙarin riba ne ga masu fasa-ƙwauri, hasara ga ɗan kasuwan da ya biya. Najeriya ta gwada rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 domin kare shinkafarta: farashi ya hau, shinkafar waje kuma ba ta daina shiga ba. Faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta ƙara sa kayan da ke fitowa daga can sauƙi ga mai sefa, kuma dokokin OMC ba su ɗauki faɗuwar kuɗi a matsayin karyar da farashi ba.

Kada kuma a manta da mai saye. Duk dalar da aka ƙara a kan litar mai, daga aljihun magidanci da mai tuyar ƙosai za ta fito, kuma gyaɗar gida ba ta isar ƙasar. Amma dogaro da waje ma yana da nasa haɗarin: a Afrilun 2022, lokacin da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a duniya, Indunusiya ta hana fitar da manjanta na kusan sati uku.

Abin da zai yiwu

Daga cikin hanyoyin uku, matakin wucin gadi ne ya fi kusa da halin da ake ciki, tunda ba ya buƙatar a binciki littattafan wani kamfani a Asiya. Amma shi ma yana neman hujjar cewa shigowar man ta ƙaru kuma ta yi illa. Dokar karyar da farashi kanta ta bar ƙofa biyu: inda masu sana'a suka yi yawa kuma suka warwatsu, ana iya auna ra'ayinsu ta hanyar ɗaukar samfuri, hukuma kuma na iya buɗe bincike da kanta idan tana da isasshiyar shaida.

Ke nan aikin farko na ƙirga ne. Ƙungiyoyin mata masu matsar mai, zauren manoma da zauren ƴan kasuwa na Maraɗi, tare da cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, za su iya tattara farashin tiya da na lita a kowace ranar kasuwa, da yawan matan da ke cikin sana'ar a kowace gunduma. Idan an samu kariyar, shekarunta ƙidayayyu ne, kuma amfaninta shi ne a yi abin da zai rage tsadar man gida kafin ta ƙare: ingantaccen iri, taki, injinan matsa, bashin sayen gyaɗa da kaka, da kwalabe masu tambari da za su bambanta man gyaɗa na gaskiya da wanda ya ari sunansa. In ba haka ba, ranar da wa'adin ya cika, matar Cadawa za ta koma kasuwa ta tarar da jarkokin a inda ta bar su.